Tambaya da Amsa: Injin gazuwal ya ƙi tashi, batir ne ko wani abu daban?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan abu guda suke: injin gazuwal da ya ƙi tashi, da batirin da ake ɗora wa laifi. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili. Wanda zai yi aiki da amsoshin yana buƙatar ƙaramar mitar awon wuta, irin wadda masu haɗa sola da masu gyaran rediyo ke riƙewa. A juya ta zuwa wutar batir, a kan lamba 20 in batirin volt 12 ne.

Tambaya: Motata mai shan gazuwal ce. Tun shigowar sanyi, in na murɗa makulli da asuba sai in ji ƙas, ƙas, inji ba ya juyawa. Mai caji ya auna ya ce 12.5 ne, lafiyarsa lau. Mai shago kuma ya ce in sayi sabo. Wa zan bi? (Wani direba, Sabon Gari, Maradi)

Amsa: Malam direba, kada ka bi kowa tukuna, domin awon da aka yi maka rabi ne. Batirin da ke zaune ba ya aiki yana iya nuna 12.5 alhali cikinsa ya ƙare. Ba a sanin ƙarfin jaki sai an aza masa kaya.

Injin gazuwal ba ya tashi da tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da man zai kama da kansa, matsin kuwa yakan kai ninki 16 zuwa 22, na fetur kuma bai cika wuce 10 da ɗoriya ba. Shi ya sa demarer, wato kik, ke jan amper ɗaruruwa cikin 'yan daƙiƙu. In juyin ya yi sanyi-sanyi, zafin sai ya tsere ta bangon silinda, man ya ƙi kamawa. Ga kuma bujin ɗumama inji, waɗanda ke cin nasu rabon wutar tun kafin demarer ya taɓa.

Fara da awon hutu. Mota ta kwana ba a tayar ba, ka ɗora mita a kan dalmar batirin kanta. In ka ga 12.6 ko 12.7, cike yake. In 12.4 ne, saura kashi uku cikin huɗu. A 12.2 rabi ne, a 12.0 kuwa saura kwata. In ka ga abin da ke kusa da 10.5 ko bayan an yi masa caji, ɗaya cikin ɗakuna shida da ke cikin batirin ya mutu, domin kowane ɗaki volt 2.1 yake bayarwa, wannan kam babu gyara. Batirin da aka sauke daga caji yanzu-yanzu yana nuna lamba mai yawa ta ƙarya, sai a kunna manyan fitilu minti ɗaya, a kashe, a ɗan jira, sannan a auna.

Sai awon da ke raba gardama. Bar mita a wurin, wani ya murɗa makulli, kai kana kallo. Batirin da aka cika, yana kuma da lafiya, ba ya sauka ƙasa da 9.6 yayin da demarer ke juyawa. In ya faɗi zuwa 8 ko 6, mai shago ya yi gaskiya, amma da sharaɗin an cika shi da caji kafin gwajin, an kuma tabbata demarer ɗin ba shi ne ke jan wuta fiye da ƙima ba.

In kuwa ka ji ƙas ɗin nan amma mita ta tsaya a kan 12 ba ta motsa ba, fitilu ma ba su dushe ba, to wutar tana nan, hanya ce ta toshe. A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi a kan sabon batir. Hanyar gano wurin ita ce a auna wutar da ke ɓacewa a kowane mahaɗi, kuma duk awon ana yin sa ne lokacin da ake murɗa makulli. Tsinken mita ɗaya a kan dalmar batir, ɗayan a kan kos ɗin da ya rungume ta: bai kamata ya wuce 0.1 zuwa 0.2 ba. Daga dalmar fozitif zuwa babban ƙusar da ke jikin demarer: kada ya wuce 0.5. Daga dalmar negatif zuwa ƙarfen inji: kada ya wuce 0.3. Inda lamba ta haura, can cutar take. Wanda ba shi da mita ya shafa wayoyin da hannu bayan an murɗa makulli sau biyu, mahaɗin da ya ɗauki zafi shi ne mara kyau.

Wayar mas, wadda ta tashi daga negatif zuwa jikin mota da inji, ita aka fi mantawa. Tana ruɓewa ta cikin robarta, daga waje kuma tana nan sumul. Ɗauki wayar jona batir mai kauri, ka haɗa negatif kai tsaye da ƙarfen inji. In mota ta tashi, ka sami ɓarawonka.

Gyaran kos ba wuya. Kwance negatif da farko, sannan fozitif. Wajen mayarwa kuma negatif ne na ƙarshe. Dalili shi ne, in sifana ta taɓa jikin mota kana kwance fozitif alhali negatif na haɗe, za ta yi walda a hannunka. Narkar da cokali ɗaya na bikarbonat a kofin ruwa ka wanke farin garin nan da koren, in babu bikarbonat tataccen ruwan kanwa ma yana yi, amma kada ɗigo ya shiga cikin batir domin yana kashe asid. Goge da samfefa har dalma ta yi haske, ka ɗaure tam yadda hannu ba zai iya juya kos ba, sannan ka shafa giris ta waje. Ƙusa ko guntun gwangwani da ake cusawa don kos ya kama, dabarar kan hanya ce, ba ta wuce ta kai ka gari ba.

In wayoyi ba su da laifi, saura solenoyid, ƙaramin gwangwanin da ke bisa demarer, wanda tagullar cikinsa ke ƙonewa, ko gawayin demarer da ya cinye. Bugun demarer da guduma yakan tayar da mota sau ɗaya ko biyu, amma na zamani da yawa maganaɗisu ne a cikinsu, bugu mai ƙarfi yana fasa shi.

Abu ɗaya kuma: in inji na juyawa da sauri yadda ya saba amma bai kama ba, ka ƙyale batir. Nemi iska a hanyar mai, ko filta da ta toshe, ko bujin ɗumama da suka ƙone. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15, ka bar demarer ya huta minti guda tsakanin gwaji da gwaji.

Tambaya: Bara na sayi sabon batir na sa wa tarakta. Bayan girbi na ajiye ta a rumfa. Da za mu fara huɗa sai na tarar ya mutu, an yi caji kwana biyu bai riƙe ba. Jabu aka sayar mini? (Wani manomi, Jiratawa)

Amsa: Alhaji, mai yiwuwa ne, amma ajiyar ta isa ta kashe na gaske ma. Batir yana zubar da wutarsa da kansa ko ba a haɗa shi da komai ba, zafi kuma yana hanzarta abin. Ƙa'idar da masu ƙera batura ke bayarwa ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba tsawon ransa biyu. Ka tuna watan Afrilu da Mayu a ƙasar Maradi, lokacin da zafi ke haura digiri 40, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Batirin da ya sauka ya kuma zauna a haka, wani farin gishiri ne ke taruwa a kan faifan dalmarsa. Da farko caji yana narkar da shi. In ya yi watanni sai ya daskare, caji ya daina shigarsa. Alamarsa ita ce batirin ya nuna ya cika cikin ɗan lokaci, ya kuma faɗi da murɗawar farko.

Kafin ka yar da shi, a gwada cajin sannu: kashi ɗaya cikin goma na girmansa, wato amper 10 ga mai Ah 100, har kwana guda, ana taɓa jikinsa, in ya yi zafi sosai a dakata. Sannan a auna kowane ɗaki da bututun awon asid. Cikakken ɗaki yana nuna wajen 1.26 zuwa 1.28, ko ƙasa kaɗan a baturan da aka haɗa don ƙasashe masu zafi. In tazarar ɗaki da ɗaki ta kai 0.05, ya gama aiki.

Nan gaba in za ka ajiye tarakta, cika batirin, kwance negatif, in da hali ka shigar da shi ɗaki mai inuwa. Goge samansa, domin ƙurar hunturu in ta haɗu da danshin asid tana zama hanyar da wuta ke silalewa tsakanin kawunan biyu. Auna shi kowane wata, da ya sauka 12.4 a kai shi caji. Wanda ke da ƙaramin faifan sola na wat 10 zuwa 20 da regilato, wato na'urar daidaita caji, ya huta da wannan jigila. Tayar da tarakta minti biyar a kashe ba ya mayar da abin da demarer ya ci, ƙara ramewa batirin ke yi.

Wajen sayen sabo, duba ranar ƙira, ka sa a auna shi gabanka. Wanda ya daɗe a kan kanta har ya sauka ƙasa da 12.4 ya fara tsufa tun bai bar shago ba. Kada kuma a sa maka batirin sola a tarakta don lambar Ah ɗinsa ta fi yawa. An yi shi ne don ba da wuta kaɗan-kaɗan tsawon dare. Na tayar da inji kuwa lambar CCA ake dubawa, wato ƙarfin wutar da yake iya bayarwa wajen tayarwa cikin sanyi, ta kai ko ta wuce wadda littafin injin ya nema.

Tambaya: Tirela nake ja, batir biyu ne. Kullum ɗaya ne ke mutuwa, in na canza shi bayan 'yan watanni a sake. (Wani direban babbar mota, Tasawa)

Amsa: Ɗan'uwa, leƙa ka ga ko akwai siririyar waya da aka jona a tsakiyar baturan biyu. Manyan motoci volt 24 ne, batir biyu a jere. Masu haɗa wuta sukan ɗebi 12 daga guda ɗaya don rediyo, fanka, cajin waya ko ƙaramin firji. Altaneta kuwa, wadda ke cajin batir in inji na aiki, jimilla kawai take gani. Wanda ake ɗiba daga gare shi ba ya cika, ɗayan kuma cajin ya yi masa yawa yana ƙafar da ruwa. Duka biyun ke cutuwa, ɗaya dai ya riga faɗuwa. Magani shi ne na'urar da ke sauke 24 zuwa 12, a haɗa ta a kan baturan biyu gaba ɗaya, da fis.

Canza guda ɗaya shi ne kuskure na biyu. Sabo da tsoho a jere ba sa cika tare, tsohon yana jan sabon zuwa kabari. A sa biyu iri ɗaya, girma ɗaya, rana ɗaya. Inji na aiki, jimillar ta kasance tsakanin 27.6 da 28.8, in ka auna kowanne shi kaɗai kuma kada su bambanta da fiye da 0.2 ko 0.3. Ka kuma ɗaure su da ƙarfensu, igiyar roba ba ta isa ba. Girgizar hanya mara kwalta tana kakkaɓe sinadarin da ke jikin faifan dalma ya taru a ƙasa har ya haɗe ɗaki.

Tambaya: Ina da janareto na gazuwal don firjin ƙanƙara. Batirinsa yana shan ruwa kowane mako, ya fara kumbura, wani lokaci yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. (Wata 'yar kasuwa, unguwar Zariya, Maradi)

Amsa: Hajiya, a kashe injin nan, a buɗe ƙofa iska ta shiga, kada kowa ya matso da taba ko ashana. Caji ne ya yi yawa, batirin yana tafasa, iskar da yake fitarwa kuma tartsatsi ɗaya ya ishe ta fashewa. Sai ya huce a kwance shi. Batirin da ya kumbura ba a mayar da shi aiki.

Kafin a sa sabo, a gano mai laifin, in ba haka ba shi ma haka zai ƙare. Inji na aiki, mita ta nuna 13.8 zuwa 14.4. In ta kai 15 ko ta wuce, regilaton altaneta ya lalace. In akwai caja ta bango da ake barin ta jone dare da rana, ita ma a auna ta, domin masu arha ba sa yankewa in batir ya cika. A kuma matsar da batirin nesa da salansa.

Ruwan da ake ƙarawa shi ne na batir, wanda aka tara daga tururi. Ruwan rijiya, na famfo da na leda duk suna da gishirin ƙasa mai lalata faifai. Ya rufe faifan da kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ba a cika shi har baki. In asid ya fantsama a ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15, a tafi likita.

Tambaya: An ce in aka zubar da tsohon asid aka zuba sabo, batir yana dawowa. Gaskiya ne? (Mai karatu, Madarunfa)

Amsa: A'a, Malam. Ruwa ne kaɗai ke ƙafewa, asid ba ya tafiya ko'ina sai cikin faifan dalma. Zuba sabo yana ɗaga lambar mita na 'yan kwanaki, ya kuma ƙara cin faifan. Masu sayar da tsofaffin batura a matsayin gyararru sun san wannan sarai.

Tambaya: Ni ɗan Maradi ne, ina aiki a Kwatano a kan jirgin ruwa mai tafiya da iska, yana da ƙaramin injin gazuwal na shiga tasha da fita. Batir biyu ne da makunni mai 1, 2, duka, da kashe. In mun kwana a teku, da safe inji ba ya tashi. Wani lokacin kuma ina danna maɓalli shiru, sai na danna sau uku ko huɗu. (Wani ma'aikacin jirgi, Kwatano)

Amsa: Sannu da aiki, ɗan'uwa. Matsala biyu ce ka kawo. Ta farko daga makunnin take. An raba baturan ne don ɗaya ya zama na tayar da inji kawai, ɗayan ya ɗauki fitilu, firji, rediyo da na'urar nuna hanya. In kuka kwana makunni na kan duka, kayan jirgi suna shan biyun tare, gari ya waye babu mai tayar da inji, a teku kuma babu turi. Tayar da inji a kan na tayarwa, da an kashe shi a mayar da makunni kan na kaya. Abin da ya fi wannan shi ne a sa rile mai haɗa baturan da kansa in caji ya fara, ya raba su in inji ya tsaya, sai mantuwa ta daina cutar da ku. Kada kuma a ratsa da makunnin ta kan kashe inji na aiki. Altaneta in aka yanke mata batir tana cikin caji, diyod ɗinta na ƙonewa nan take. Wannan gargaɗin ya haɗa da masu motoci da ke cire kan batir inji na aiki don su ga ko altaneta na caji.

Tabbatar ma tana cajin. In mita ba ta haura 13 ba inji na gudu, duba fanbel: ka danna tsakiyarsa da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya. Baƙin gari a gaban inji alamar yana sulɓi ne. Duba kuma jar fitilar caji, domin a injuna da yawa ta cikinta altaneta ke samun wutar farawa, in ƙwan ya ƙone caji yana iya ƙin tashi.

Ta biyu, dannawa shiru, ta siririyar waya ce. Daga inda matuƙi ke tsayawa zuwa inji akwai nisa, wayar tana bi ta mahaɗai da yawa, iskar gishiri kuma tana cin tagulla har ta yi baƙi. Auna a ƙaramin bakin solenoyid lokacin da ake danna maɓalli. In batir na nuna 12 amma abin da ya iso bai kai 10.5 ba, wutar ta zube a hanya. A wanke mahaɗan, a canza wayar da ta yi baƙi da irin mai rufin kuza da ake yi don jiragen ruwa, ko a sa ƙaramin rile kusa da demarer ya riƙa ɗauko wuta daga babbar waya. Wasu jiragen suna da makunnin da ke hana tayarwa in giya ba ta tsakiya, shi ma a duba shi.

Akwai haɗari guda da masu mota ba su san shi ba. Duk lokacin da demarer ke juya inji, famfon ruwan teku ma yana turo ruwa cikin tukunyar salansa, babu kuma hayaƙin da zai fitar da shi. In aka yi ta juyawa inji bai kama ba, ruwan yana cika ya koma cikin silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe. In jimillar juyin ta doshi daƙiƙa 30, rufe bawul ɗin shigar ruwan teku, ka ci gaba da gwaji, da inji ya kama ka buɗe shi nan take don kada robar famfon ta ƙone. In injinku yana da ɗan hannun sassauta matsi a samansa, ɗaga shi, bari inji ya ɗauki gudu, sannan ka sake shi; batiri mai rauni ma yakan iya tayarwa ta haka.

Tambaya: Batirina sabo ne, altaneta na caji, amma in mota ta yi kwana biyu a tsaye sai ya sauka. (Wani malamin makaranta, Tibiri)

Amsa: Malam, wani abu ne ke sha a ɓoye. Kashe komai, rufe ƙofofi, cire makulli. Mayar da mita kan awon amper, bakin 10, kwance negatif, ka sa mitar tsakanin dalma da kos. Motocin da ke da kwamfuta sai an jira minti 20 zuwa 30 su yi barci. Abin da ya rage bai kamata ya wuce amper 0.05 ba. In ya wuce, zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi, layin da ya faɗar da ita shi za a bi. Rediyo da na'urar ƙararrawa da aka ƙara daga baya su ne kan gaba wajen wannan laifi. In fis sun ƙare lamba ba ta sauka ba, cire babbar wayar bayan altaneta, domin diyod da ya lalace yana barin wuta ta koma baya. Kada a murɗa makulli mita na haɗe ta wannan hanya, fis ɗin cikinta zai ƙone.

In ta kama sai an jona maka da wata mota kafin ka kai gareji, jar waya a fozitif ɗinka, ɗaya bakin a fozitif ɗin mai taimako, baƙa a negatif ɗinsa, bakin ƙarshe kuma a ƙarfen injinka nesa da batir. Bar motarsa ta yi aiki minti biyar zuwa goma kafin ka murɗa, wayar kuma ta kasance mai kauri, siririya zafi kawai za ta yi a kan injin gazuwal.